Wa zai zauna shekara 20 a kan mantuwar tsofaffinmu?

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce uwar adashin matan layinmu a cikin birnin Zariya tun ban yi wayo ba. Ba ta taɓa riƙe biro ba. Mata fiye da 30 ke zubi a hannunta, kuma duk lissafin a ka yake: wadda ta kawo, wadda ta ce sai Juma'a, wadda ta roƙi a matso mata da kwasa saboda bikin 'yarta. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa a kan kwabo ba.

Ranar da abin ya fara fitowa fili, wata maƙwabciya ce ta shigo tana rantsuwa cewa ta ba da zubinta tun jiya, Gwaggo kuma ta dage ko ganinta ba ta yi ba. Da yamma aka tsinci kuɗin cikin kwanon daddawa, an ƙulle su a leda. Kafin shekara ta zagayo ta sauke adashin, ba da son ranta ba. Daga nan sai ta riƙa tambaya ko an kira la'asar, a amsa mata, ta sake tambaya tun ba a bar wurin ba. Ta koma kiran mahaifina da sunan babansu. Wata asuba aka neme ta aka rasa, sai wani mai shayi ne ya gane ta wajen Ƙofar Doka, ba takalmi, tana cewa gida za ta, Innarta na jiran ta. Innar nan ta fi shekara 40 a ƙasa.

Kowa ya kawo nasa bayanin. Wasu suka ce sammu ne, ai mai riƙe dukiyar mutane ba ta rasa maƙiya. Wasu suka ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Da muka kai ta wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, likitan bai yi minti biyar da ita ba ya ce wa mahaifina: "Alhaji, tsufa ne, sai haƙuri." Ya rubuta maganin barci. Ko hawan jininta ba a gwada ba a ranar, kuma daga baya muka gano ya daɗe yana sama.

Ba na riƙe da likitan nan a zuciya. Abin da ya dame ni shi ne da na fara neman sani, sai na tarar kusan duk abin da duniya ta sani game da wannan ciwo a kan ƙwaƙwalwar wasu mutane aka gano shi, ba a kan tamu ba. Ra'ayina ke nan a taƙaice: Zariya na bukatar mutum, namiji ko mace, wanda zai sadaukar da dukan rayuwar aikinsa ga binciken ƙwaƙwalwar tsofaffinmu, kuma jami'a da gwamnati da masu hannu da shuni su riƙe shi har ya tsufa a kan aikin. Ba taron bita na kwana uku nake nufi ba, ba kuma takardar da za a rubuta don neman ƙarin girma ba.

Addininmu ma bai ɓoye wannan hali ba. A Suratun Nahli an ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani a da, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga kaiwa wannan matsayi. To abin da aka nemi tsari daga gare shi bai zama dole ga kowane tsoho ba. Duk mun san dattijan da suka haura 90 suna jan baƙi ba gargada, suna tuna sunan jikan jikansu. Tsufa daban, gigin tsufa daban. Na biyun ciwo ne, yana da musabbabi a cikin ƙwaƙwalwa, kuma ana iya gani.

Wanda ya fara nuna haka ƙarara wani likita ne Bajamushe, Alois Alzheimer. A 1901 aka kawo masa wata mata mai shekara 51 a asibitin Frankfurt, ta rikice, ba ta iya rubuta sunanta har ƙarshe. Ya bi halinta har ta rasu a 1906, sannan ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da wasu zare-zare da suka cukuikuye a cikinsu. Mace ɗaya, shekara biyar. Sai da aka yi kusan shekara 80 kafin a gane irin sinadaran da suka haɗa waɗannan dunƙule da zare, waɗanda yanzu ake kira amiloyid da tau. Haka ciwon karkarwa, wanda James Parkinson ya siffanta a Landan tun 1817. Sai a ƙarshen shekarun 1950 Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna muhimmancin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, a 1960 Oleh Hornykiewicz ya gano a Biyana cewa shi ne ke ƙarewa a ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo, sannan a 1967 aka nuna yadda za a ba da maganin da ke maye gurbinsa har mai karkarwa ya tashi ya yi tafiya. Carlsson bai samu kyautar Nobel ba sai a 2000. Wannan fage ba ya biyan mai gaggawa.

Amma misalin da ya fi tsaya min a rai na gida ne. Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya fara suna ne a ƙarshen shekarun 1960 da binciken wani ciwon jijiya da ke sa mutane tangaɗi da raunin gani da ji a wasu garuruwan Yarbawa, inda ya danganta shi da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa da kyau ba. Ciwon mutanensa ne, a abincin mutanensa, shi ya zauna ya bi sawunsa. Daga baya, a 1992, shi da Farfesa Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana a Amurka suka kafa wani aiki da har yau ake kafa hujja da shi a duniya. Suka ɗauki dubban tsofaffin Yarbawa a unguwar Idikan ta Ibadan da dubban tsofaffin baƙar fatar Amurka a birnin Indiyanafolis, suka riƙa gwada su da ma'auni iri ɗaya, suna komawa bayan 'yan shekaru su ga wa ya kamu, wa bai kamu ba. Osuntokun ya rasu a 1995, aikin na da shekara uku kacal. Bai mutu tare da shi ba, domin ya bar almajirai, cikinsu har da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka ci gaba da shi har ya kai kusan shekara 20.

Abin da suka samu ya girgiza masana. A sakamakon da suka fitar a 2001, cikin kowace shekara kusan kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa da ciwon mantuwa, a Indiyanafolis kuwa kashi 3.24. Mutane masu tushe kusan ɗaya, amma bambancin ya ninka fiye da sau biyu. Sannan wani nau'in ƙwayar gado da ake kira APOE4, wanda a Turawa yake ƙara haɗarin ciwon sosai, a Yarbawa tasirinsa ya yi rauni. Wannan ya tilasta wa duniya ta sake tunani a kan rawar da abinci da hawan jini da kitsen jini da yanayin zama ke takawa. Da ba a yi binciken a Ibadan ba, da babu wanda zai sani, domin ba za a same shi a Landan ko Bostan ba.

Akwai wani ɗan abu a aikin nasu da nake ganin kowane ɗalibin likita a asibitin koyarwa na Shika ya kamata ya sani. Gwajin ƙwaƙwalwa da aka saba da shi a Turai yakan ce wa tsoho ya zana agogo, ya kwafi wani zane da fensir, ya yi ta cire bakwai daga ɗari, ya faɗi kwanan wata. Ka ɗauki Gwaggo tun tana da lafiyarta, lokacin da take riƙe da adashin mata 30 a ka, ka miƙa mata fensir ka ce ta zana agogo: za ta faɗi. Ka tambaye ta watan da ake ciki, za ta ce maka watan Azumin Tsofaffi ne ko na Sallar Gani, takardar gwajin kuma Janairu da Fabrairu ta sani. Mutanen Ibadan sun ga irin wannan matsala, sai suka tsara gwajin da ya dace da wanda bai yi boko ba, har da wanda ake jera tsinken ashana a ce tsoho ya kwaikwayi siffar, tare da yi wa wani na kusa da shi tambayoyi kan yadda yake gudanar da harkokinsa. Mu fa? Wa ya zauna da tsofaffin Kwarbai da Tudun Wada da Giwa ya gano irin tambayar da ke bambance mai lafiya da mara lafiya a Hausa? Tsohon da ya fara ɓata lissafin raka'a, ko ya rikita jerin surorin da ya yi shekara 60 yana karantawa, ko ya manta wace gona ce ta wa a cikin gandu, alama ce da ta fi zanen agogo ƙarfi a wurinmu. Wannan ba aikin fassara ba ne. Sai wanda ya san ƙwaƙwalwa kuma ya san mutanen.

Ba daga sifiri za a fara ba. A 2011 aka wallafa wani bincike da likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi a nan Zariya kan tsofaffi 322 da ke zaune a gidajensu, suka sami kusan kashi 3 cikin 100 na da ciwon mantuwa. Aiki ne mai kyau, kuma ya cancanci yabo. Sai dai hoto ne na rana ɗaya. Abin da ake bukata shi ne a koma wa mutanen nan bayan shekara biyu, bayan biyar, bayan goma, a ga wanda ya rikice da wanda ya tsira, a tambayi me ya raba su. Haka asibitin koyarwa na Shika yana cikin cibiyoyin Najeriya da Gana da suka yi babban binciken shanyewar ɓarin jiki mai suna SIREN, wanda ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo ciwon a wannan yanki. Hawan jinin da ke shanye ɓarin jiki shi ne kuma ke toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, har mutum ya rikice ba tare da ya taɓa faɗuwa ba.

Garin nan ma ya taɓa yin irin wannan aiki a wani fannin. A shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa suka bi ɗaruruwan matan Zariya da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka duba alaƙar ciwon da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Har yau duk wanda zai yi rubutu kan wannan ciwo a duniya sai ya ambaci Zariya. A Samaru kuwa, cibiyar binciken aikin gona ta shafe shekaru tana fitar da irin dawa da masara da gyaɗa da wake, kuma babu manomin da ke mamakin a ce iri ɗaya ya ɗauki shekara goma kafin a sake shi. Mun yarda da haƙuri a kan dawa. A kan ƙwaƙwalwar iyayenmu ne muke ganin kamar ɓata lokaci ne.

Na san abin da za a ce, domin wani abokina likita ya faɗa min a fuska. Ya ce zazzaɓin cizon sauro na kashe yara, mata na mutuwa wajen haihuwa, tamowa ta cika asibitoci, kai kuma kana maganar ciwon da ko Amurka ba ta da maganinsa. Maganarsa na da nauyi, ban raina ta ba. Gaskiya ne babu maganin warkewa. Sabon maganin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023, lecanemab, rage gudun ciwon kawai yake yi da kusan kashi 27 cikin 100, kuɗinsa a lokacin dala 26,500 a shekara, ga ƙarin ruwa duk bayan mako biyu da hoton ƙwaƙwalwa akai-akai. Wannan ba namu ba ne a yanzu, kuma ba shi nake roƙo ba.

Amma rashin maganin warkewa ba ya nufin babu abin yi. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa yana da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa. Idan ka duba su sai ka ga kamar unguwarmu aka leƙa: hawan jini, ciwon suga, raunin ji da ba a kula ba, raunin gani irin na yanar ido, ƙarancin karatu tun yarinta, buguwar kai, shaƙar gurɓatacciyar iska, kaɗaici. Ka tuna ɗan acaɓa ba hular kwano a hanyar PZ zuwa Samaru. Ka tuna matar da ta yi shekara 50 tana hura icce a madafi mara taga. Wanne ne a cikin waɗannan ya fi yi mana ɓarna? Hayaƙin murhu ne ko gishiri da dunƙulen miya? Shin haddar Alƙur'ani da karatun zaure suna ba ƙwaƙwalwa irin kariyar da aka ce karatun boko na bayarwa? Ni a ganina wannan tambaya ta ƙarshe kaɗai ta isa mutum ya ƙare rayuwarsa a kanta, kuma ba na jin akwai inda ya fi Zariya dacewa a amsa ta. Amsar kuma ba ta bukatar injin biliyoyin naira. Tana bukatar ma'aunin hawan jini, firjin ajiye jini da wutar da ba ta ɗaukewa, ma'aikatan da ake biya a kan kari, da mutum ɗaya da ba zai tashi ba.

Kuma yaran da muke ceto daga zazzaɓi yau su ne tsofaffin gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke. A wurinmu babu gidan kula da tsofaffi da zai ɗauke nauyin, kuma ba ma son a yi. Nauyin a kan mata yake sauka. A gidanmu matar ƙanin mahaifina ce ta bar sana'ar ɗinkin da take yi, ta koma wanka da wanki da gadin ƙofa, shekara huɗu. Wani dare na same ta zaune a bakin ɗakin Gwaggo, ta ɗaura zare daga ƙyauren zuwa hannunta don kada barci ya sace ta tsohuwa ta fice. Da safe Gwaggo ta ce ita ta sace mata zane, ta zage ta a gaban mutane. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta kawo mata koko. Da tun farko wani ya zaunar da mu ya ce zargin sata alama ce ta ciwon, ba halin Gwaggo ba ne, da an rage ɓacin rai da yawa, da kuma ba a raba zumunci da maƙwabciyar da aka zarga da sammu ba. Mu ma mun ci sa'a an san ta. Tsohuwar da ta ɓace ta faɗa unguwar da ba a san ta ba, tana surutai da asuba, kowa ya san sunan da ake kiran ta da shi da abin da ke iya biyo baya.

Masu iya aikin muna da su. Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe da ke bincike kan sinadarin tau a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya jagoranci kafa cibiyar bincike a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, da goyon bayan gwamnatin jihar, kuma ciwon mantuwa na cikin abubuwan da suke bi. A Legas, Farfesa Njideka Okubadejo da abokan aikinta na ƙasashen waje sun bayyana a 2023 cewa sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin ciwon karkarwa, wanda kusan sai a 'yan asalin Afirka ake samun sa. Shekaru ana bincike a kan Turawa ba a gan shi ba, domin ba a jikinsu yake ba. In Damaturu ta iya, ban ga uzurin Zariya ba, garin da ke da jami'a tun 1962, ga tsangayar likitanci, ga ta haɗa magunguna, ga ta likitan dabbobi, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya da rabi ba.

Abin da ke kashe mana irin wannan aiki tsarin lada ne. Malamin jami'a da yawan takardu ake auna shi, don haka gara ya raba tambayoyi ga mutum 200 ya fitar da takarda cikin wata shida da ya shiga aikin da sai bayan shekara takwas zai fara magana. Kuɗin bincike in an samu na ɗan lokaci ne, yana ƙarewa ma'aikata su watse, jinin da aka tara ya lalace a firji. Wanda ya ƙware kuma sai Saudiyya ko Ingila ta kira shi, ba kuma zan zarge shi ba, yana da iyali. Ina ganin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da gwamnatin Jihar Kaduna za su iya ware kuɗi na shekara 10 kai tsaye ga aiki guda, da sharaɗin a horar da magada. Attajiranmu kuma, da suka saba gina masallaci da haƙa rijiya, ina roƙon malamanmu su faɗa musu a kan mumbari cewa waƙafin da zai riƙe kujerar farfesa guda a kan ciwon tsufa shi ma ilimi ne mai amfani da ladansa ba ya yankewa. Masarautar Zazzau na da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida mai tsoho. Ba tare da su ba babu mai buɗe maka zaure ya bar ka ka ɗebi jinin mahaifiyarsa, da su kuwa aikin shekara zai zama na wata.

Gwaggo ta rasu bara da damina. A watanninta na ƙarshe ba ta gane kowa, ko 'ya'yanta, amma in aka fara Fatiha sai leɓenta ya kama, ta bi har ƙarshe ba kuskure. 'Yar ƙanwata, wadda ke aji huɗu a karatun likita, tana zaune a gefen tabarmar wata rana ta juyo ta ce min: "Kawu, me ya sa wannan bai goge ba, sauran duk suka goge?" Na ce mata ban sani ba. Ta ce in ta gama tana son ta bi fannin ƙwaƙwalwa, amma duk wanda ta tambaya sai ya ce mata in da gaske take, ta fara neman fasfo.